Motar Soja da Kunnen Babanmu

Babanmu da kunne yake auna mutum, tun kafin ma idonsa ya tafi. Tsohon soja ne, cikin mazan jiyan da suka ja wa Faransa mota. Da aka sallame shi ya ɗan taɓa jan motar wani attajirin gyaɗa tsakanin Tasawa da Maraɗi, sannan ya koma noma a ƙauyenmu, can gaba da Gidan Amumune. A bakin garin namu akwai wani tudun rairayi da duk motar da za ta shigo sai ta hau shi, kuma ba ta hawa sai direba ya sauya giya a tsakiyar tudun, daidai inda yashi ya fi laushi. Ƙofar gidanmu na kallon wajen. Ran kasuwa Baba yakan shimfiɗa buzunsa a gindin gawo, ya karkata kai, ya yi ta yanke wa direbobin da bai taɓa gani ba hukunci. In giya ta yi ƙara, ya ce wannan mahauci ne. In mota ta tsaya tana haƙa rami, ya ce a ba mutumin jaki ya kora, shi ya dace da shi. In kuwa ta haye sumul, abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi, sai ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ba ya cewa komai.

Mu biyu ne maza a ɗakin innarmu. Yayana ya girme ni da kaɗan, amma kaɗan ɗin ta ishe shi ya riski zamanin motar gyaɗa. Ya zauna a gefen Baba, ya riƙe sitiyari yana ɗan saurayi, har Baba ya taɓa dafa shi a gaban mutane ya ce, "Wanga hannuna ne." Ni ko da na taso motar ta tafi, ga shi kuma ni bahago ne. Baba ya ce da dama ake sa giya, wanda damansa ba ta da ƙarfi ba shi da rabo a mota, ya ɗauke ni ya kai ni wajen wani tela a Tasawa. Ban ƙi ɗinki ba, da shi na yi aure, da shi na gina ɗaki. Amma na yi kishin yayana tun ban san sunan abin ba, kuma yau da nake da furfura ba zan ce ya sake ni ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, shi bai ma san ana wata takara ba. Mutum ne mai sanyin hali, ka zo masa da faɗa ya miƙo maka goro.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, bayan farin nan da ya cinye dabbobi, yayana na da injin niƙa a Tasawa, ni kuma ina da rumfar ɗinki a bakin kasuwa. Aka yi gwanjon tarkacen gwamnati, a ciki har da gawar wata motar soja ta zamanin Turawa, mai gajeren hanci da faɗin ƙirji, wadda ta daɗe a yashe har kaji na saka ƙwai a ƙarƙashin sitiyarinta. Maƙera suka zo da niyyar sayenta su farfasa, wai ƙarfen ƙarƙashinta na yin hauya mai kyau. Yayana ya riga su. Ya ce irin wadda Baba ya ja a soja ce sak, ya gane ta daga hoton da ke rataye a ɗakin tsohon. Da shanu aka jawo ta, ba taya ko ɗaya, tana tafe tana nome hanya, yara na biye suna ihu, aka ajiye ta a filin da ke bayan injin niƙa.

Mutane suka yi ta tambayarsa ko fasinja zai ɗauka da ita, ko itace. Ya ce shi dai yana so ya gan ta yadda take a da, shi ke nan. A Tasawa ta wancan lokaci wannan amsa ta isa a fara yi wa mutum kallon tausayi. Matarsa ta ce ta ga mai kiwon rago, ta ga mai kiwon tantabara, amma mai kiwon tsatsa sai a gidanta. Ni na shiga aikin ne don dalili ɗaya. Na san duk ranar da motar nan ta tashi, labari zai kai wa Baba, kuma ban yarda a ambaci sunan yayana shi kaɗai ba.

Shekaru muka kwashe a kanta. Bayan la'asar in ya kashe injin niƙa na rufe rumfa, da ranar Lahadi tun daga hantsi. Ya zazzage injinta kaf a kan tabarma, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir, ƙananan ya zuba su a kwanonin matarsa har ta rasa na miya. Abin da ya ɓace sai an bi shi gari-gari. Ya je Maraɗi, ya je Damagaram, ya tsallaka Jibiya, wani lokaci ya dawo da ƙarfe ɗaya da bai kai tsawon yatsa ba yana murna kamar an yi masa haihuwa. Ƙofarta ta hagu a Korgom muka same ta, wani manomi ya mai da irinta murfin rumbu, kuma bai saki ba sai da aka sassaƙa masa wani murfin, ni kuma na ɗinka masa riga. Nawa aikin shi ne kankare tsatsa, da kujeru, da tampol. Kujerun na cusa musu audugar rimi. Tampol ɗin ya karya min allurai ban san iyaka ba, ƙarshe da basilla na gama shi da hannu. Fenti ma ni na haɗa, don a ƙarƙashin kujerar direba na sami wani ɗan wuri da rana ba ta taɓa gani ba, koren soja na asali na nan, na yi ta gauraya har sai da ba ka bambance tsoho da sabo. Wannan idon tela ne, yayana ba shi da shi.

Fentin ya jawo mana baƙo. Wani ajidan, babba cikin jandarmomi, ya zo ya zagaya ta, hannuwa a baya, mu kuma muka ja gefe, don zamanin ba a wasa da kayan soja. Ya ce kada mu kuskura mu sa mata lamba ko tuta, in ban da haka ba ruwansa. Da zai tafi ya ƙame ya sara mata, yana dariya.

Sau ɗaya Baba ya gan ta da idonsa, lokacin da aka kawo shi Tasawa neman maganin ido, yana ɗan gani dishi-dishi. Daga ƙofa ya miƙe sai gaban injin. Ya zura hannu yana shafawa, yana yi wa yayana tambayoyi da faransancin bariki, yayana na amsawa, suna ta gyaɗa kai su biyu. Ina tsaye da basilla a hannu. Da ya gaji ya hau ya zauna a kan kujerar da na ɗinka, ya jingina, ya miƙe ƙafa, har aka kira magariba yana kai. Ina jira ya ce wa ya yi wannan. Maganar da ya yi min a ranar ita ce in kawo masa ruwa.

Motar ba ta tashi da makulli. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ake zura mata ta hanci a juya, maniwal sunansa, don haka tashinta aikin mutum biyu ne, ɗaya a kujera yana ba ta wuta, ɗaya a duƙe a gaba yana juyi. Ranar da za a fara gwada ta ba a yi wata shawara ba. Yayana ya haye kujera, ni na tsinci kaina a duƙe. Ya gargaɗe ni in haɗa babban yatsa da sauran, don in ta yi tutsu ƙarfen na dawowa ya karya hannu. Na juya har gumi ya rufe min ido. Ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, can sai ta kama, hayaƙi ya turnuƙe filin, kajin unguwa suka watse. Matan da suka kawo niƙa suka yi guɗa. Duk ido na kan wanda ke riƙe da sitiyari, don mai juya maniwal ba wanda ke ganinsa, yana ƙasa yana haki. Yayana ya leƙo ta taga ya ce yau haguna ta yi rana. Da zuciya ɗaya ya faɗa, ni kuwa ji na yi kamar in jefe shi da ƙarfen.

Daga nan na ƙudura sai na iya ta. Na ce masa ya nuna min don in riƙa gyara mata tsayuwa in ba ya nan, shi kuma ya nuna min har da abin da ban tambaya ba. Giyarta ba irin ta motocin yanzu ba ce. Sai ka taka kuloci ka cire, ka saki, ka ɗan ba ta wuta, ka sake takawa ka sa, duk a cikin numfashi ɗaya, in ka yi jinkiri ko gaggawa ta yi ƙarar da har haƙoranka sai sun amsa. Watannin farko mahauci ne ni na sosai. Sai na lura abin ba ƙarfi ba ne, kiɗa ne, kuma ƙafar da ta shekara tana taka keken ɗinki ta san kiɗa. Ina ɗinki ina bin lissafin a raina, taka, saki, wuta, taka, har na taɓa karkatar da bakin rigar wani alhaji na sha faɗa. Na koma yanka yadi da dama, jan guga da dama, har damar ta yi ƙwari. In yayana ya shagala da niƙa sai in tashe ta ni kaɗai, in zagayo da gudu in haye, in fita da ita hanyar Korgom inda akwai wani tudu mai kama da namu, in hau in sauko, in hau in sauko. Shi bai damu ba. Da ma ya fi son kwanciya a ƙarƙashinta da zama a kanta, in ta yi lafiya kwana biyu har ɗan ɓata rai yake yi don ba abin kwancewa.

Sai fari na biyu ya zo, wanda ya fi na farko muni a wajenmu. Injin niƙa ya yi shiru don ba abin niƙawa, ni ma sai in wuni ban taka keke ba, wa ke ta sabuwar riga. Mutanen arewa suka sauka a bayan gari da 'yan tsirarun awakinsu. Iyakar ƙasa a rufe, esansi, wato man fetur, sai a ɓoye. Abin da ke motsi a hanya kawai motocin soja ne masu ɗauke da jar dawar taimako, rufe da tampol, suna bin garuruwa ɗaya bayan ɗaya, kowane gari na jiran ranarsa. Mu ma mun ji a jikinmu, tuwo ya koma sau ɗaya a gidajenmu. Ana cikin haka Inna ta aiko cewa idon Baba ya rufe gaba ɗaya, jikin ma ba daɗi, kuma yana ta cewa an ce motar na tafiya amma shi bai ji kukanta ba. Yayana na da esansin da ya daɗe yana tarawa a jarka. Ya ce mu kai masa ita.

Na kwana biyu ina shirya faɗa. Na tanadi maganganu a kan tsatsar da na kankare, da maniwal da na juya shekara da shekaru, da duk abin da aka ba shi aka hana ni tun muna yara. Na same shi yana ɗaure wata waya, na gyara tsayuwa, na ce ina da magana a kan wanda zai tuƙa. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Kai za ka tuƙa mana," ya ce. "Ai ka hi ni ƙahwa yanzu."

Haka ya bar ni da faɗana a baki ba inda zan kai shi. Na ce to kada ya aika a gaya wa kowa, ina so Baba ya ji da kunnensa tukuna. Ya ce to.

Na wanke ta tas. Na ja tampol na ɗaure ta ko'ina, tam, don ina so in Baba ya shafa ya ji ba inda ɗinkin ya saki. Har riguna na ɗinka mana na kaki, iri ɗaya, wai don mu dace da motar. A baya ba komai sai tayar sauyi, da jarkokin ruwa da na mai, da rabin buhun gero da muka haɗa daga gidajenmu biyu, da ɗan sukari da ganyen shayi na Baba. Muka kama hanya da sassafe, muka ratsa Mayahi. Gonaki fayau, ko karan bara babu, an tumɓuke an ba dabbobi. Duk ƙauyen da muka wuce sai mutane su fito da gudu suna ɗaga hannu, ni kuma in danna musu ƙaho, raina fari tas. A Gidan Amumune muka tsaya ta huce, muka yi azahar. Wani mai raƙumi ya matso ya tambaye ni ina muka nufa. Na faɗa masa sunan garinmu da ƙarfi, don na kusa su ji. Ko gaisuwar bai ƙarasa ba, ya juya raƙuminsa ya yanki daji.

Da muka hango tudun, na gyara zama. Na san Baba na gindin gawo, na san ya riga ya karkata kai. Na ba ta wuta daga nesa, ta ɗauki tudun da ƙarfinta, na bari har na ji ta fara nauyi, yashi ya fara riƙe ƙafafunta. Nan na taka, na cire, na saki, na ba ta wuta, na taka, na sa. Giyar ta shige ba ko ƙyas. Motar ta ja numfashi ta haye kamar a kan kwalta. Tun da nake ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, ko ranar aurena. Yayana ya dube ni ya ɗaga yatsa ɗaya yana murmushi. Na kau da kai, don ba yatsansa na zo nema ba.

Muna kaiwa kan tudu guɗa ta tashi. Garin kaf ya fito, har da mutanen tungayen kewaye da ban san fuskokinsu ba. Na ce a raina yau dai an gan ni. Sai na lura ba rububi suke yi ba, a jere suke, layi ɗaya, magidanta a gaba mata a baya, yadda soja ke so a tsaya musu. Mai gari na gaban layin da babbar rigarsa. Kowa da abin da ya riƙo, wani buhu, wata ƙwarya, wata tsohuwa ta kwance mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa ta danne gefensa da duwatsu. Mai raƙumin nan na tsaye a gefe, ana ta sa masa albarka. Na kashe motar. Ban san lokacin da na kashe ta ba.

Gwaggonmu, ƙanwar Baba, ita ta fara gane mu. Ta matso ta dubi rigunan kakin, ta dubi fuskokinmu, ta ce, "Ashe ku ne." Ta zagaya baya da ƙwaryarta a hammata, ta kwance igiyar tampol da kanta, ta leƙa. Ta daɗe tana kallon tayar nan da jarkoki da rabin buhu. Sannan ta mai da igiyar ta ɗaure yadda ta same ta, ta juya ta kama hanyar gida. Mutane suka gane daga tafiyarta. Ba wanda ya zage mu, da ma an zage mu da ya fi. Layin ya warware a hankali, tsohuwar nan ta kwashe duwatsunta ɗaya-ɗaya ta kakkaɓe mayafin.

Baba na gindin gawo a kan buzunsa, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, Inna na tsaye a bakin zaure. Muka durƙusa muka gaishe shi. An riga an gaya masa abin da ke cikin motar. Ya juya fuskarsa wajen da ya ji muryar yayana, ya kira shi da sunansa na yanka.

"Tun daga gindin tudu na ji ka," ya ce. "Ta haye ko tari ba ta yi ba. Duk ƙasar nan ba mai hawa da ita haka, in ba ni ba sai kai. To da wanga hannu za ka kawo ma mutane motar soja wayam? Ba ka san mi ta ke nuhi ba bana? Wasu tun daga tunga suka taho da ƙahwa, da goyo."

Yayana ya sunkuyar da kai ya ce ya yi kuskure. Na san halinsa, ba zai taɓa ture laifi kan ƙaninsa a gaban Baba ba, ko da wuƙa a wuyansa. A ganinsa rufa min asiri yake yi. Ni kuwa ina durƙushe ina jin ana ba shi abin da na shekara goma ina nema, an haɗa masa da faɗa, kuma faɗan ma irin wanda ake yi wa mutumin da aka ɗauka da nauyi ne. Wallahi har faɗan na yi kishi. Na yarda a ɗora min kunyar garin gaba ɗaya in dai za a haɗa min da tudun.

"Baba," na ce, "ni na tuƙo ta."

"Kai yi shuru, ba da kai ni ke ba. Tashi ka ba ta ruwa, ina jin ta tana tahwasa."

Na tashi na ba ta ruwa.

Baba bai bar maganar a nan ba. Ya sa aka kai rabin buhun nan gidan mai gari a raba wa waɗanda suka zo daga nesa. Ya ce tun da mun tara mutane, sai mu ɗauki mai gari da dattawa da buhunansu mu kai su Mayahi, su faɗa wa hukuma ga gari ya zo da motarsa, ba sai an jira ta soja ba. Ya ce wa yayana shi zai ja, kada ya ba kowa. Bai shafa tampol ɗin ba, bai ma matso kusa da motar ba. Na zura maniwal na juya, yayana na kujera. Ya daɗe bai tuƙa ta a yashi ba, ga dattawa cike a baya, ga ransa a ɓace. A gindin tudu ya zo sauya giya ta yi wata ƙara da na tabbata an ji ta har bayan gari. Ya dube ni, na dubi gefe.

A Mayahi sai da muka kwana. Aka yi ta kai mu ana kawo mu tsakanin ofis da sito, ƙarshe dai ganin mai gari da ganin mota a ƙofa ya sa aka ba su wani abu daga rabonsu. Bai kai yadda suka sa rai ba, amma motar ta yi nauyi har ta zauna a kan ƙafafunta na baya. Muna fita gari yayana ya tsaya ya sauko ya zagayo. Ya ce shi ba zai iya hawa tudun nan da wannan lodi ba, in ta kafe dawar mutane za a sauke a yashi. Na karɓa. Na hau da ita da kayanta da dattawanta, giyar ta shige sumul kamar jiya. Wannan karon da aka yi guɗa akwai abin yi wa guɗa, amma ban saurara ba. Gindin gawo nake kallo, mutane sun tare min.

Baba bai ga damina ba. Bayan an share makoki, ina zaune a ɗakin Inna tana tsince wake, na tambaye ta abin da na daɗe ina son tambaya, ko ya ce wani abu a kan motar bayan tafiyarmu. Ta ce ya ce mana. Ranar da muka fita, da ya ji ƙarar nan a gindin tudu, tsaki ya yi ya ce ga shi nan, ya hana amma sai da aka ba ƙaramin. Washegari kuma da ya ji ta hayo da lodi, ya ɗaga yatsa, ya daɗe bai sauke ba, ya ce yauwa, mai abu ya karɓi abinsa.

Na ce ita ba ta gani da idonta ba ne, ba ta ga wanda ya sauko daga kujerar ba?

"Na gani," ta ce. "Na hwaɗa mishi kai ne, har sau biyu. Ya ce mi na sani ga mota."

Motar na nan har yanzu a bayan injin niƙa, ƙarƙashin rumfar da muka yi mata. Mun tsufa mu uku. Duk wanda ya zo kallonta, yayana sai ya ja shi gefe ya ba shi labarin yadda ƙaninsa ya hau da ita tudun garinmu da lodin dawa ba ta yi ko tari ba. Yana faɗa da alfahari, yana nuna ni da hannu, baƙon ya juyo ya ce madalla. Ina jinsu, ina cewa na gode. Amma shi aka ce wa hannuna, sau biyu a kan tuƙina, kuma wanda zai gyara maganar yana kwance a bayan tudun.